Sharhi kan wani shagon haɗa sola a Agege, daga wanda ya dawo gida bayan aiki a Jidda

Duk wanda ya yi shekaru yana aiki a Saudiyya ko Dubai ko Katar, sannan ya tattaro ya dawo Legas da zama, akwai tambayoyin da 'yan'uwa suke yi masa tun bai gama huce gajiya ba: wace sana'a zai kama, mota zai saya ko fili, kuma ko akwai niyyar komawa. Ba kasafai ake tambayarsa yadda zai yi da wutar lantarki ba, alhali ita ce abu na farko da ke sauya masa tsarin yini da na dare. Na rubuta wannan sharhi ne a kan wani shagon haɗa sola da ke Agege, wanda ya yi mini aiki a gidana bayan dawowata daga Jidda a ƙarshen 2024, kuma na dakata sai da kayan suka ga rani suka ga damina kafin in ce komai a kansu. Aikin ya yi kyau, kuɗina bai tafi a banza ba, amma akwai wuraren da shagon ya gaza, kuma tun da zan faɗe su ba tare da ragi ba, na ga ya fi dacewa in sakaya sunansa.

Na yi aikin kula da sito a wani kamfanin kayan gyaran mota a Jidda fiye da shekara goma. Iyalina sun riga ni dawowa, domin tun watan Yulin 2017 gwamnatin Saudiyya ta ɗora wa ma'aikata baƙi haraji a kan kowane mutum na iyalinsu da ke ƙarƙashin iƙamarsu, wato takardar izinin zama, aka fara da riyal 100 a wata, ana ƙarawa duk shekara har ya kai riyal 400 a 2020. Mai mata da 'ya'ya huɗu, kuma mai albashi irin nawa, ba zai iya ɗaukar wannan ba, don haka suka koma gidanmu na Agege, ni kuma ina zuwa hutu. Sai dai mai zuwa hutu ba ya sanin halin da gida yake ciki, saboda a 'yan makonnin da zai yi kowa yana ƙoƙarin kyautata masa, ana tayar da janareta ba a kallon lita, shi ma aljihunsa da nauyi. A can kuwa ban taɓa tsara wani aiki nawa bisa ga ko akwai wuta ko babu ba. Kuɗin wutar gida halala 18 ne (halala ɗari ke yin riyal ɗaya) a kan kowane yunit ga wanda bai wuce yunit 6,000 a wata ba, wanda a canjin lokacin da na dawo bai kai naira 80 ba, kuma esi yana aiki dare da rana a mafi yawan shekara.

Abin da na tarar a Legas ya sha bamban ta fuska biyu, wato samuwar wutar da kuma tsadarta. An raba masu amfani da wuta rukuni-rukuni gwargwadon awannin da aka yi musu alkawari a rana: rukunin A awa 20, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E kuma awa 4. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki a Najeriya ta ɗaga farashin rukunin A daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225 a kan yunit, daga baya aka ɗan sassauta zuwa wajen naira 209. Layinmu ba ya cikin rukunin A, saboda haka kuɗin katinmu da sauƙi, amma wutar takan zo ne a lokacin da ba a san da zuwanta ba, ta kuma tafi a lokacin da aka fi bukatarta. Janareta, wanda shi ne madogarar kowane gida, ya zama abin da ake tunani kafin a ja igiyarsa tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ba ta kai naira 200 ba kafin wannan rana ta kai naira 1,000 a Legas kafin ƙarshen 2024, kuma janaretanmu yana shan kusan lita guda a awa idan an ɗora masa firiza da fankoki.

Firizar ita ce ta sa na ɗauki lamarin da gaggawa. Uwargidana tana yin kunun aya da zoɓo tana bai wa masu shaguna a unguwa, kuma da wannan sana'a ta riƙe cefanen gida a watannin da kuɗina suka makara. Duk wanda ya san kunun aya ya san ba ya jure zafi, idan ya yini babu sanyi ya yi tsami, kuma asarar ba ta tsaya ga ayar da dabino da kwakwar da aka zuba ba, har da mai shagon da zai koma wajen wata. Ban da wannan, akwai ƙarar janareta a gidan da ke manne da gidajen maƙwabta, da hayaƙinsa wanda kowa a Legas ya sha jin labarin iyalan da ya hallaka suna barci. Dokar ƙwadago ta Saudiyya ta tanadi kuɗin sallama ga ma'aikaci, rabin albashin wata a kan kowace shekara cikin biyar na farko, da cikakken albashin wata a kan kowace shekara bayan nan. Daga cikin wannan kuɗi na ware abin da zan kashe a kan wuta, kafin 'yan'uwa da abokan arziki su gama kawo shawarwarin jari.

Wani maƙwabcina mai sayar da shanu a mayankar Oko-Oba ne ya haɗa ni da shagon. Ƙaramin wuri ne, mai shi matashi ne Bahaushe haifaffen Agege, yana da yara biyu da ke taya shi aiki, kuma Yarabanci a bakinsa kamar Hausa, abin da ya yi amfani ƙwarai daga baya a wajen ciniki. Kafin shi na yi magana da wasu masu wannan sana'a ta waya, kuma da zarar sun ji daga Saudiyya na dawo, sai su karanto mini farashin babban haɗi ba tare da sun tambayi ko ɗaki nawa ne a gidan ba. Shi wannan ya ƙi faɗin ko sisi. Ya ce, “Alhaji, ka yi haƙuri, ba zan yanke maka kuɗi ba sai na zo na ga abin da za a ɗora wa wutar, kada in cuce ka ko in cuci kaina.” Wannan ne dalilin farko da ya sa na ba shi aikin, kuma har yau ina ganin shi ne mafi girman abin da ya bambanta shi da sauran.

Ya zo da littafi da biro da wata 'yar na'ura da ake maƙalawa a jikin waya ta nuna yawan wutar da ke wucewa. Ya bi gidan ɗaki-ɗaki, yana juya kowace na'ura yana karanta takardar da ke manne a bayanta, ya rubuta fankokin sama huɗu kowace wat 75, firji, firiza, talabijin, ƙwayayen fitila goma sha biyu, dutsen guga mai wat 1,200, da injin jan ruwa na rijiyar burtsatse mai ƙarfin doki ɗaya. Bai tsaya ga abin da aka rubuta ba, sai ya sa aka kunna firizar da injin ruwan yana kallon na'urarsa, ya nuna mini yadda lambar take tsalle ta ninka a daidai lokacin tashi kafin ta sauko ta daidaita, ya ce wannan tsallen ne yake kashe wa mutane inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar batir ta zama irin wadda kayan gida ke aiki da ita, idan ba a lissafa da shi ba. Sannan ya nemi a tambayar masa uwargida ƙarfe nawa take zuba kunu a firiza da kuma ƙarfe nawa ake zuwa ɗauka. Ya hau rufi ya duba kwanon da katakon da ke ƙarƙashinsa, ya dubi inda inuwar tankin ruwa da ta benen maƙwabci ke faɗawa da hantsi da kuma la'asar. Duk wannan bai karɓi komai a kansa ba.

A wannan zuwan ne maganar esi ta taso, kuma ina so duk mai shirin turo kaya daga Saudiyya ya karanta wannan sashe da kyau. Cikin kayan da na turo ta kago akwai esi na taga, irin wanda ke kowane ɗaki a Jidda, mai sanyi sosai, kuma filoginsa mai ƙafa uku ya shiga soket ɗinmu daidai, domin ƙasashen biyu iri ɗaya suke amfani da shi. Mai shagon ya haska bayansa da fitilar waya ya nuna mini inda aka rubuta 60Hz, wato ma'aunin yawan bugun wuta a daƙiƙa guda. Wutar Saudiyya a kan 60Hz take, ta Najeriya kuwa a kan 50Hz, kuma duk na'urar da ke da mota, wato injin da ke juyawa, a cikinta, kamar esi da firji da injin wanki, idan an ƙera ta don 60Hz kaɗai aka sa ta a 50Hz, motar za ta yi juyi a hankali da kimanin kashi ɗaya cikin shida, ta riƙa ɗaukar zafi, sanyin ya ragu, rayuwarta ta gajarta. Cajar waya da kwamfuta da yawancin talabijin ba su da wannan matsala, domin za a ga an rubuta musu 50/60Hz. Ban da haka, esin yana cin wuta kusan wat 2,000, wato shi kaɗai zai shanye batirin da muke magana a kai cikin ƙasa da awa uku. Da ya so, da ya ce in ƙara batir biyu da babbar inbata, kuɗin ya ninka, ribarsa ta ƙaru. Abin da ya ce shi ne in ajiye esin a gefe, idan hali ya samu nan gaba in sayi ƙarami na zamani mai cin wuta kaɗan wanda aka yi don wutar ƙasar nan.

Haɗin da muka tsaya a kai shi ne inbata mai ƙarfin 5kVA, batirin litiyam guda ɗaya mai bolt 51.2 da 100Ah, wanda ke ɗaukar yunit biyar da 'yan kai, da farantan sola shida kowane mai wat 550. Mun daɗe a kan zaɓin batir, domin batura huɗu na ruwa, irin dogayen nan da aka saba da su, sun fi araha a ranar saye. Ya bayyana mini cewa batirin ruwa ba a son a sauke shi ƙasa da rabi, yana bukatar a riƙa ƙara masa tataccen ruwa, kuma a zafin Legas da yawan caji da saukewa ba ya wuce 'yan shekaru, alhali na litiyam ana iya amfani da mafi yawan abin da ke cikinsa kuma ba ya neman kulawa. Da na ce ko a ƙara batir a rage faranti, sai ya ce batir randa ce, farantai kuma su ne masu ɗebo ruwa, girman randa ba ya amfani idan masu ɗebowa ba za su cika ta kafin rana ta faɗi ba. Ya ƙara da cewa ranar Legas ba ta kai ta Kano ko Sakkwato ba saboda gajimare da laima, don haka lissafin da wani ɗan'uwana ya turo mini daga Arewa ba zai yi aiki a nan ba sai an ƙara faranti.

Ya yarda in bi shi kasuwar Alaba da ke Ojo sayen kayan, kuma wannan ma abin yabo ne, saboda da yawa ba sa son mai aiki ya ga farashin da suka saya. Tafiya ce mai cin rai daga Agege, ta Iyana Ipaja da Igando har Iyana Iba, amma ta biya. A gabana ya sa aka fito da farantan cikin rana, ya auna tsawon kowane da tef ya ga ya haura mita biyu, domin faranti mai wat 550 na gaskiya ba ya zuwa ƙarami, kuma a kasuwa ana samun wanda aka sauya wa takarda. Ya auna bolt ɗin kowane ya samu yana dab da 50 kamar yadda aka rubuta, ya auna ƙarfin wutar da yake bayarwa, ya ajiye guda ɗaya a gefe saboda wani siririn tsagu a kusurwar gilashinsa wanda ni ban gani ba sai da ya ɗora yatsana a kai. Batirin kuma ya sa aka kunna shi aka duba allonsa don a tabbatar ba a taɓa amfani da shi ba, ya ɗauki hoton lambarsa ya turo mini. Rasit ɗin kowane kaya da sunana aka rubuta shi.

Daga nan ne abubuwan da ban ji daɗinsu ba suka fara. Bayan kaya sun iso gida kuma na biya kafin alƙalami mai tsoka a kan ladan aiki, ranar da aka sa ta zo ta wuce babu kowa, aka sake sa wata ita ma ta wuce, wayarsa kuma wani lokaci ta yi ta ƙara ba a ɗauka. Daga baya na fahimci ya karɓi wani aiki a Ikorodu ne ya haɗa da nawa, kuma yaransa biyu ba za su rabu gida biyu ba. Jinkirin kansa bai dame ni kamar rashin sanarwa ba. Wanda ya saba da wurin aiki inda ake rubuta rana a cika ta, ko a kira a ba da uzuri tun kafin ta zo, zai ji wannan a ransa, kuma ban yarda da masu cewa haka gida yake sai haƙuri ba, domin kiran waya na minti ɗaya ba ya bukatar jari. Kayan miliyoyin naira suna jingine a falo, yara suna kewaya su, ba abu ne da mai gida zai kwanta da shi hankali kwance ba.

Da suka zo, aikin ya ɗauke su yini biyu, kuma a ɓangaren wuta ban ga abin kushewa ba. Sun fuskantar da farantan kudu da ɗan karkata kaɗan yadda ruwan sama zai riƙa wanke su, sun yi amfani da waya mai kauri ta jan ƙarfe tsakanin batir da inbata, sun raba layin gidan biyu ta yadda dutsen guga da injin ruwa suke da makunninsu daban, sun kuma kafa inbatar a baranda ta ciki inda iska ke ratsawa, nesa da kicin. Amma a ɓangaren rufi sun yi sakaci. Ramukan da suka huda a kwano don ɗaure ƙarafan ba su toshe su yadda ya kamata ba, kuma ba a gane ba sai da ruwan farko mai ƙarfi ya sauka a watan Afrilu, ɗakin yara ya yi yoyo, silin ya yi tabo, katifa ta jiƙe. Ya turo yaro washegari aka toshe ba tare da an karɓi kuɗi ba, ya kuma ba da haƙuri, amma fentin silin daga aljihuna ya fita. A garin da damina ke farawa tun Afrilu ta kai Oktoba, toshe rami a kwano ba ƙarin alheri ba ne, rabin aikin ne.

Akwai kuma abin da bai shiga lissafin farko ba, wato sandar jan ƙarfe da ake binnewa a ƙasa da na'urar kariya daga tsawa da hauhawar wuta. Sai ana tsakiyar aiki ya ce lallai a sa su, kuma gaskiyarsa ne, domin gidanmu tsoho ne ba shi da wannan tanadi, kuma tsawar Legas ba abin wasa ba ce. Sai dai wanda ya bi gida ɗaki-ɗaki da littafi ya kamata ya gano haka tun ranar farko, ya sa a takarda, maimakon ya zo da shi lokacin da mai gida ba shi da damar cewa a'a. Haka nan garanti. Da baki an ce mini batirin yana da shekara biyar, inbata shekara ɗaya, amma da na nemi a rubuta, sai aka ce rasit ɗin Alaba ya isa. Rasit yana nuna an sayi kaya ne kawai, ba ya faɗin wanda zai ɗauki batir mai nauyin kusan buhun siminti ya kai Ojo idan ya lalace, ko wanda zai biya kuɗin motar, ko abin da gidan zai yi amfani da shi kafin a gyara.

Gazawar da ta fi tsaya mini a rai ita ce ta bayani. Da aka gama, ni kaɗai ya tsayar a gaban inbata ya nuna wa ma'anar lambobin da ke allo, alhali ni nakan fita tun safe zuwa shagon da na buɗe, uwargida ce ke yini da kayan, ita ce ke kunna firiza da injin ruwa, ita ce za ta ji ƙara idan wani abu ya faru. Na nemi ya dawo ya yi mata bayani ina zaune, ya dawo, kuma tambayoyin da ta yi masa sun fi nawa amfani, domin ita ce ta tambayi ko za a iya kashe firiza da dare bayan kaya sun daskare, ya ce hakan ne ma ya fi, muddin ba a yawan buɗe ta. Ina ba shi shawara, shi da duk masu wannan sana'a, su mayar da wannan ƙa'ida, su kuma bar wa gida takarda guda da Hausa mai nuna abin da za a kunna da rana, da abin da ba za a haɗa lokaci ɗaya ba.

Game da yadda kayan suke aiki, daga Janairu zuwa Maris ban da abin cewa sai godiya ga Allah. Batir yakan cika kafin azahar, sauran ranar kuma farantan ne ke ɗauke da gidan kai tsaye. Da dare fankoki uku da firji da 'yan fitilu suna kai mu asuba da ɗan saura. Ƙurar hunturu takan rage ƙarfin farantan a fili, sai an hau an wanke su da ruwa da tsumma mai laushi da sassafe kafin gilashin ya yi zafi. Jarrabawar gaskiya ta zo a Yuni da Yuli, lokacin da Legas kan yi kwanaki rana ba ta fito ba. A irin waɗannan ranaku abin da farantan ke tarawa bai kai rabin na rani ba, kuma wani dare wajen ƙarfe uku inbata ta yi ƙara ta ɗauke. Na kira shi da safe, ya zo da kansa cikin ruwa a kan babur, ya gano cewa an saita ta ne a kan kada ta yi caji da wutar layi sai da wutar farantai kaɗai, ya sauya saitin yadda duk lokacin da aka kawo wuta batirin zai sha. Tun daga nan ba mu sake kwana cikin duhu ba, ko da yake a makonnin da ruwa ya yi yawa mukan tayar da janareta na awa ɗaya ko biyu da yamma don a taimaka wa batirin. A kan amsa kira bayan an gama biya, wanda a nan ne yawancin masu aikin hannu suke ɓacewa, na ba shi cikakken maki.

Wajibi ne in faɗa wa wanda ya dawo daga waje cewa sola irin wannan ba za ta mayar masa da rayuwar da ya baro ba. Za ta ba shi wuta, amma da sharaɗin ya koyi tsara yininsa da rana. A gidanmu yanzu guga da jan ruwa zuwa tanki da markaɗen aya duk tsakanin ƙarfe goma sha ɗaya na safe da uku na rana ake yin su, kuma ba a haɗa guga da injin ruwa. Yara sun san a dubi allon batir bayan sallar isha'i kafin a kunna talabijin. A farkon dawowata wannan lissafi ya yi mini nauyi, kuma zafin Maris ba tare da esi ba ya gwada haƙurina, amma barcin da ake yi babu ƙarar inji a bayan taga, da tashi sallar asuba a kunna fitila a yi alwala da ruwan famfo, da ganin yara suna bitar karatu ba da fitilar waya ba, sun sa zaman gida ya daina zama mini kamar zaman jiran komawa. Uwargida kuma ta ƙara yawan kunun da take yi, ta soma sayar da ƙanƙara a watan azumi.

Akwai wani ɓangare da ba na fasaha ba wanda ya kamata a shirya masa. Gidan da fitilarsa ke ci alhali layi duka duhu, kuma an san mai shi daga Saudiyya ya dawo, ba zai rasa masu sallama ba. An roƙe ni in ja waya zuwa gida biyu, kuma mutanen da suka roƙa suna da haƙƙin maƙwabtaka a kaina, wasunsu sun tsaya wa iyalina shekarun da ba na nan. Mai shagon ya ce kada in yi, domin ba zan iya sanin abin da za a ɗora a can ba, kuma hita guda ɗaya ta isa ta kashe gidajen duka. Shawarar da ya kawo ita ce ya sa soket huɗu a zaure a kan layi mai ƙaramin fis, wanda zai ɗauki cajin waya da fitila amma ya yanke idan an sa abin da ya fi haka. Ya yi wannan a kan kuɗi kaɗan, kuma ya warware mini matsalar da ta fi ƙarfin lissafin wat.

Jimillar abin da na kashe, har da kayan kariyar da aka ƙara da ladan aiki da kuɗin mota daga Alaba, ta kusa naira miliyan huɗu. Kuɗi ne mai yawa, ya kai jarin ƙaramin shago, kuma farashin waɗannan kaya yana bin dala, saboda haka wanda zai saya yanzu sai ya sake tambaya. Kafin haɗin, fetur da gyaran janareta suna cin fiye da naira dubu ɗari a wata a gidanmu, ban da asarar kunu. A lissafina kuɗin zai dawo cikin kimanin shekara uku idan batirin ya cika alkawarin da aka yi a kansa. Wanda yake haya, musamman a gidan ɗaki-ɗaki, kada ya fara sai ya samu izinin mai gida a rubuce, da yarjejeniyar cewa zai kwashe kayansa ranar da zai tashi. Wanda layinsa ke rukunin A kuma wutar tana zuwa yadda aka ce, inbata da batir kaɗai za su iya isarsa ba sai ya hau rufi ba.

Ina da niyyar ƙara batir na biyu kafin damina mai zuwa, kuma shagon nan zan koma, domin na ga aikinsa na kuma ga yadda yake amsa kira. Na riga na gaya masa sharuɗɗana: a rubuta ranar farawa da ranar gamawa, a rubuta duk abin da za a saya har da ƙusa da abin toshe kwano, a rubuta garanti da sunan wanda zai ɗauki nauyin kai kaya gyara, kuma kashi ɗaya cikin huɗu na ladan aikin zai zauna a hannuna sai an yi ruwan sama mai ƙarfi sau ɗaya na duba silin. Ya amince da ukun farko nan take, na huɗun kuma ya ce in ba shi lokaci ya yi shawara.